Fata ce ta kai ni Italiya, na ɓuge da kallon fim ɗin 1914

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wata masana'antar jima a Challawa, ban taɓa wuce Saudiyya ba. Da ciwon ƙafa ya matsa wa Alhaji, maigidanmu, sai ya ce ni zan wakilce shi a baje kolin fata na Lineapelle da ake yi a Milan cikin watan Fabrairu. Neman biza ya sa na yi sawu biyu zuwa Abuja, na uku shi ne na tafiya. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Zuba na fara ƙirga shingaye, kafin Kaduna na gaji na bari. Direbanmu dai ya san inda ake ɗaga hannu a wuce, ya kuma san inda ake sauke gilashi.

Inna ta haɗa mini ƙullin tsaraba in kai wa Auta, ɗan ƙanwarta da ke zaune a Turin: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da kilishi. Inda muka sauka wani kare ya zo ya tsaya gaban jakata kamar mai bina bashi. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya dube ni, ya maida ya ɗaure da sauri. Ita ta tsira. Kilishin ne bai tsira ba, don ba a shiga ƙasashen Turai da nama, kuma laifina ne da ban tambaya ba. Ina ji ina gani aka jefa kilishin naira dubu talatin cikin kwandon shara.

Kwana ukun Milan aiki ne, ba abin da zan ba da labari. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da yamma na bi ta titin manyan kantuna, na ga jakar hannu ta mata a bayan gilashi, fatar akuya, an rubuta Yuro dubu biyu da wani abu. Irin fatar da muke lodawa a kwantena ce, na san ƙwayarta kamar yadda na san tafin hannuna. Sunan da ke jikin jakar kuwa ba na makiyayi ba ne, ba na majemi ba.

Ranar Juma'a da safe na hau jirgin ƙasa mai tsaye-tsaye zuwa Turin, wajen Yuro 13, tafiyar kusan awa biyu. Akwai mai gudu da ke kai mutum cikin awa ɗaya, amma kuɗinsa ya ninka, ni kuma kuɗin Alhaji ne a aljihuna. Tsakanin Novara da Vercelli gonakin shinkafa ne iya ganinka, a bushe, an yi musu kunya-kunya kamar na Kadawa. Daga hannun dama duwatsun Alps sun yi layi, farare tas. A tasha wasu jami'ai biyu suka tsallake kowa suka zo kaina, suka karɓi fasfo, suka juya shi, suka miƙo mini. Auta da ke jirana ya yi dariya ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ni kusan kullum ne."

Su uku ne a gidan, ɗaki biyu da kicin, a arewacin gari. Akwai wani ɗan Zangon Kumasi mai aikin walda, akwai wani Ba'adare daga wajen Tawa da ke dakon akwatunan kayan miya a kasuwar Porta Palazzo tun kafin asuba. Nan kusa da kasuwar muka yi sallar Juma'a, a wani masallaci da sai ka ratsa tsakar gidan mutane kafin ka gan shi. Da daddare aka tuƙa tuwo da garin masarar da Italiyawa ke yin abin da suke kira polenta, aka kaɗa miyar kukar Inna. Ba wanda ya yi magana sai da tukunya ta koma wayam.

Ƙanena na Kano mai riƙe kyamara ne a masana'antar fim. Tun ina Milan yake damuna ta WhatsApp: "Yaya, in ka je Turin ba ka shiga gidan tarihin silima ba, ban yafe ba." Don haka Asabar da hantsi ni da Auta muka hau taragon cikin gari, muka ƙarasa da ƙafa ta ƙarƙashin dogayen rumfunan dutse da suka yi wa titunan Turin rufi, ruwa bai taɓa mu ba.

Ginin sunansa Mole Antonelliana. Tsayinsa mita 167 da ɗoriya, kansa kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya an soka mata mashi. A 1863 aka fara shi a matsayin wurin ibadar Yahudawa, kuɗi ya fi ƙarfinsu, hukumar gari ta karɓa, aka gama a 1889. Auta ya ciro ɗan kwabon Yuro mai santi biyu ya nuna mini, ga hoton ginin a baya. Gidan tarihin kuwa wata mata ce ta assasa shi, Maria Adriana Prolo, wadda ta yi ta bin kasuwannin gwanjo tana tsintar tsofaffin kyamarori da takardu, kuma a shekara ta 2000 aka dawo da shi cikin wannan gini. Tikitin shiga da na hawa sama ya ci mini sama da Yuro 20. Na lissafa shi da naira, sai na ga gara in daina lissafi.

Sashen farko na fitilun da ake haska hoto a bango ne tun kafin a ƙirƙiro silima. A nan na tuna Baba yana ba mu labarin majigi, yadda motar gwamnati ke zuwa ƙofar gidan hakimi da dare a kafa farin ƙyalle. Ashe daga sunan wannan fitila a Turance kalmar majigi ta fito. Na ɗauki hoto na tura gida.

Daga nan muka faɗa babban zauren tsakiya, kuma ban san lokacin da na ce a'uzu billahi ba. Wani ƙaton gunki ne zaune, ruwan zinariya, da fukafukai, baki buɗe, ido a zazzare. Molok ke nan, abin bautar mutanen Kartaj, tsohon birni a Tunisiya ta yau, kamar yadda aka nuna shi a wani fim na 1914 mai suna Cabiria. A gabansa an jera jajayen kujeru na kishingiɗa, Turawa sun miƙe ƙafa suna kallon allo, ko a jikinsu. Ta tsakiyar zauren wani akwatin gilashi ke hawa da mutane zuwa sama, ba bango ba komai, sai igiyoyin ƙarfe.

Ina tsaye sai wani dattijo da jikarsa ya ga yadda na saki baki, ya yi wa Auta magana. Tsohon kafinta ne, ya yi ritaya. Ya ce shi duk zuwan da yake yi ba 'yan wasa yake zuwa gani ba, aikin katako yake zuwa gani. Muka zauna, yana faɗa Auta yana fassarawa, abin da ya tsallake kuma muka cike daga allunan bayani.

A 1913 aka fara aikin fim ɗin Cabiria, a nan Turin, a kamfanin Itala Film. Mai fim ɗin, Giovanni Pastrone, asalinsa akawu ne mai riƙe littafin kuɗi, kuma ya iya goge. Kafin lokacin, yadda aka saba shi ne a zana fada ko kasuwa a jikin ƙyalle, a rataya, a dasa kyamara wuri ɗaya kamar turke, 'yan wasa su yi ta kai da kawowa a gabanta. Pastrone ya ce shi gini yake so. Aka tara kafintoci da masu farar ƙasa da masu sassaƙa, aka tada haikali da matakala da ginshiƙai masu siffar giwa da ganuwar birni, abin da mutum zai shiga ya fita ya zagaya bayansa. Ƙofar haikalin Molok ita kanta bakin dodo ce a wangame, mutane na hawa matakala suna shiga ta tsakanin haƙora.

To ga matsala. In ka kashe wannan dukiya ka yi gini na gaske, amma kyamara na tsaye cak, mai kallo ba zai bambance shi da zanen ƙyalle ba. Shi ya sa aka ɗora kyamarar a kan amalanke mai ƙafafu, wanda Pastrone ya yi wa rajista da sunansa tun 1912. A hankali ake tura shi, a karkace, sai ginshiƙin gaba ya gota na baya, ido ya gane akwai zurfi. Dattijon ya tashi ya gwada mana da jikinsa, yana tafiya sannu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, hannun dama yana juyawa, don kyamarar lokacin da hannu ake murza ta, kuma in hannu ya yi rawa hoto ya lalace. Wanda ya fi kowa shan wannan wahala wani mutumin Sifen ne, Segundo de Chomón. Shi ya haɗa aman wutar dutsen Etna na Sisili da ƙananan gine-gine da hayaƙi, ya kuma yi dabarun haske da fitilun lantarki. Daga baya a Amurka aka riƙa kiran irin wannan tafiyar kyamara da sunan fim ɗin, kuma birnin Babila da daraktan Amurka Griffith ya gina a nasa fim ɗin na 1916 ya ɗebi abubuwa da yawa daga nan.

Kuɗin da aka kashe ya kai wajen Lira miliyan ɗaya, kuɗin Italiya na lokacin, a zamanin da Lira dubu hamsin ke yin fim. An je Tunisiya don rairayi da raƙuma, an je Sisili, an hau duwatsun Alps. Ranar 18 ga Afrilu 1914 aka fara nuna shi, a Turin da Milan dare ɗaya, awa uku, ba murya ko ɗaya, sai taron makaɗa da mawaƙa suna yi kai tsaye a gaban allo. Bayan wata biyu ya kai har Fadar White House, Shugaba Woodrow Wilson ya kalla.

Sai dattijon ya ja ni gaban wata tsohuwar takardar talla, jajawur kamar garwashi, ya ce in karanta sunan da ke sama. Na haɗa baƙaƙen da ƙyar: Gabriele D'Annunzio. Ya ce to nemo na Pastrone. Na duba sama da ƙasa, babu. D'Annunzio shi ne mawaƙin da Italiya ke ji da shi a lokacin, yana zaune a Faransa ya guje wa masu binsa bashi. Pastrone ya san manya ba sa ɗaukar silima a bakin komai, kallon 'yan tasha suke mata, don haka ya biya shi Lira dubu hamsin ya ari sunansa. Abin da mawaƙin ya yi shi ne ya gyara rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna, ya raɗa wa wasu mutanen cikin labarin suna. Labari da gini da watannin wahala duk na wasu ne, amma shekara da shekaru mutane na cewa fim ɗin D'Annunzio. Pastrone da kansa ya zaɓi haka, kuma ta fuskar ciniki bai yi asara ba. A matsayina na ɗan kasuwa na sara masa. Kafintocin ne ban san wanda ya tambaye su ba.

Ina tsaye a wurin jakar Milan ta dawo mini. Kakanninmu sun jeme fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, ayari ya ratsa da ita Sahara ta Gadamas zuwa Tarabulus, Turawa suka ɗaure littattafansu da ita suna kiran ta fatar Maroko. Na gaya wa dattijon haka ta bakin Auta. Ya yi dariya har da tari, ya dafa kafaɗata.

Mun hau akwatin gilashin. Bai cika minti ɗaya ba ya kai mu mita 85, kuma ban buɗe ido sosai ba sai da ƙafata ta taka ƙasa. Daga sama ga gari shimfiɗe da jan rufi, ga kogin Po, ga duwatsu sun yi masa kewaye.

Da dare Auta ya nemo fim ɗin a intanet, muka jingina kwamfuta da tukunya, mu huɗu a kan katifa ɗaya. Rubutun Italiyancin ya fi ƙarfin Auta ma, tsohon salo ne mai kumbura, sai ɗan Kumasi ya karɓi aikin fassara irin na fim ɗin Indiya, yana sa wa kowa magana a baki. Mu da muka taso muna kallon Indiya ba ma jin ko kalma, rashin murya bai dame mu ba. Labarin wata yarinya ce daga Sisili da aka sace bayan aman wutar dutse, aka sayar a Kartaj, za a jefa ta cikin wutar Molok, sai wani Barume ɗan leƙen asiri da bawansa Maciste suka ƙwace ta. Duk wannan a cikin yaƙin Rum da Kartaj na biyu, wanda aka fara shekara 218 kafin haihuwar Annabi Isa. Inda ƙirjin gunkin ke buɗewa ana jefa yara, dariya ta ɗauke a ɗakin. Inda sojoji suka hau kan garkuwar juna, hawa-hawa, har mutum ya kai saman ganuwa, Auta ya mayar baya muka sake kallo, don babu kwamfutar da ta yi wannan, ƙashin bayan mutane ne.

Maciste ya fi kowa shiga ranmu. Ƙato ne, ƙirji kamar ƙofa, an ɗaure shi a dutsen niƙa shekara goma yana juyawa kamar jaki. A labarin Ba'afirke ne, amma da kyamara ta matso sai ɗan Kumasi ya ce, "Wannan ai shafa masa aka yi." Haka ne kuwa. Sunansa Bartolomeo Pagano, Ba'italiye ne, ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Genoa, aka ɗauko shi aka baƙanta masa fata. Ya yi farin jini har aka ci gaba da yin finafinai da shi da sunan Maciste sama da shekara goma, kuma a cikinsu an daina shafa masa komai, ya koma fari abinsa. Ba'adare ya ce, "Ashe ɗan'uwana ne ɗan dako. Shi Allah ya tarfa wa garinsa nono."

Da aka zo wurin raƙuma suna tafiya a kan tudun rairayi, baƙi-baƙi a gaban hasken yamma, Ba'adaren ne ya yi shiru. Ta Agadas ya bi, ya yi shekara biyu a Libiya, ya ƙetaro teku a kwalekwalen roba. Ya ce a hoto rairayi yana da kyau. Ya tashi ya ɗora shayi, bai dawo ba sai da wurin ya wuce.

Ni kuma abin da na kwana ina juyawa shi ne shekarun. A watan Oktoban 1911 Italiya ta afka wa Tarabulus, ta ƙwace Libiya daga hannun Turkawa a 1912. Shekara ɗaya bayan haka ake tada haikalin Molok a Turin, ana nuna wa jama'a cewa tun fil azal Rum ce mai wayewa, na ƙetaren teku kuwa masu ƙona 'ya'yansu ne. Ba sai an yi wa mutum bayani ba. Kuma a daidai wannan lokaci ne layin dogo ya iso Kano, fatarmu ta juya ta bi Ikko, harkar Larabawan Dandalin Turawa ta fara ja da baya. Fim ɗin ya burge ni matuƙa, amma ban kalle shi da zuciya ɗaya ba.

Lahadi ɗan Kumasi ya aro motar abokin aikinsa, muka haɗa Yuro 30 na mai, muka nufi kwarin Lanzo, arewa maso yamma da gari, inda aka ɗauki wurin da Hanibal, jagoran yaƙin Kartaj, ke ƙetare duwatsu da rundunarsa. A garin Lanzo muka tsaya kan wata tsohuwar gadar dutse mai doro, ta 1378, da suke kira gadar Shaiɗan. Daga nan hanya ta fara murɗewa tana hawa, kunnena ya toshe, cikina ya juya. Da muka kai inda ƙanƙara ta rufe gefen titi na ce a tsaya in taka.

Na sha hunturun Kano, na taɓa kwana a Jos cikin Janairu, amma duk wasan yara ne. Takalmin ofis ne a ƙafata. Taku goma na yi, ƙafar ta nutse har ƙauri, safa ta jiƙe, yatsuna suka daina amsa kira. Na ciro waya in ɗauki bidiyo saboda ƙanena, hannuna ya ƙi tsayawa, batirin ma ya faɗi daga rabi zuwa ja ina kallo. A nan na tuna mai murza kyamara, wanda dole hannunsa ya yi ta juyawa daidai wa daida, ba sauri ba nawa, ga ɗaruruwan mutane cikin kayan yaƙi suna jiransa, ga giwaye da aka hauro da su. Giwa dabbar zafi ce kamar ni. Hanibal na gaske da giwa 37 ya taso, kuma da ya sauko, babban garin ƙabilar Taurini ya fara ci da yaƙi, mutanen da Turin ta samo suna daga gare su. Minti bakwai na yi a waje, Auta ya duba agogo.

Wata tsohuwa mai ɗan shagon abinci ta ga yadda nake kaɗuwa, ta zaunar da ni kusa da murhu, ta sa na cire safar ta shanya a jikin bututun. Auta ya gaya mata ba ma cin alade, ba ma shan giya, ta kawo polenta da narkakken cuku da kofi mai zafi. Yuro 12 kowa. Ta tambayi abin da ya kawo mu, aka ce mata giwayen fim ɗin 1914. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙaro mini kofi ba ta karɓi kuɗinsa ba.

Litinin kafin in kama hanya na tsallaka kogin Po ni kaɗai zuwa gindin tudun da kamfanin Itala ya yi zamaninsa. Gidajen kwana ne da motoci a fake, wata mata na jan kare. Na ɗan zagaya na dawo. Motar filin jirgi ta ci Yuro 20 da 'yan kai, sauran tafiyar barci ne.

Kwana biyu da dawowata ƙanena ya zo gida bayan isha'i, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya karɓe wayata. Ya wuce hoton gunkin, ya wuce bidiyon ƙanƙara mai rawa, ya daɗe a kan hoton wata tsohuwar kyamarar katako yana buɗa shi da yatsa. Ya ce satin da ya wuce su ma a kan baro suka ɗora tasu a wani ƙauye bayan Ɗambatta, yaro biyu na turawa. Da ya zo kan jar takardar tallan sai ya karanta sunan sama da ƙyar, ya ce, "Wannan ne daraktan?" Na ce a'a, wannan sunansa aka saya. Ya ce, "To ina sunan mai kyamara?" Inna ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko Auta ya ji daɗin kilishin.